Morris Fuller Benton (1872–1948): Injiniyan da Ya Zana wa Kowane Aiki Harafinsa

Gabatarwa

Ɗalibin kimiyyar harshe ya saba ɗaukar harafi a matsayin wakilin sauti. Idan ya ga harafin ƙ, abin da ke zuwa masa a rai shi ne gurbin furucinsa da yanayin iskar da ke fitar da shi da abin da ya raba shi da k. Ba kasafai yake tambayar kansa ko wane ne ya zana siffar da yake gani a takarda ba. Alhali kuwa duk harafin da ke cikin littafi ko jarida, wani mutum ne ya zauna ya yanke tsayinsa da faɗinsa da kaurin layukansa, kuma wannan hukunci nasa yana iya sauƙaƙa karatu ko ya wahalar da shi.

Wannan maƙala ta waiwayi rayuwar ɗaya daga cikin irin waɗannan mutane, wato Morris Fuller Benton, Ba'amurken da ya shugabanci sashen zanen haruffa na kamfanin American Type Founders daga 1900 zuwa 1937. Ana jingina masa zubin haruffa 221. Abin da muke nufi da zubin haruffa shi ne cikakken jerin baƙaƙe da wasula da lambobi da alamomin rubutu da aka zana bisa kamanni ɗaya, kamar Times New Roman ko Arial da muke zaɓa a kwamfuta. Kalmar zubi ta dace da su, domin a zamanin Benton da narkakken ƙarfe ake zuba haruffan ɗab'i ɗaya bayan ɗaya. Za mu fi mayar da hankali kan sirara kuma matsattsun haruffan da ya zana domin kanun labarai da takardun talla, musamman zubin da ake kira Empire, wanda ya fito a shekarar da ya ajiye aiki.

Haihuwarsa da Gidan da Ya Tashi

An haifi Morris Fuller Benton ranar 30 ga Nuwamba 1872 a birnin Milwaukee na jihar Wisconsin, a arewacin Amurka. Gidansu ya daɗe da sanin tawada da takarda. Kakansa, Charles Benton, ya yi aikin jarida, ya kuma zauna a majalisar wakilan ƙasar. Morris yana jariri mahaifinsa, Linn Boyd Benton (1844–1932), ya sayi wata masana'antar zuba haruffa a birnin tare da wani abokin kasuwanci, masana'antar da daga baya aka san ta da sunan Benton, Waldo & Co. Yaron ya tashi yana ganin darma tana narkewa tana komawa baƙaƙe, har ma ya mallaki ɗan ƙaramin injin ɗab'i a gida, yana buga katuna da tikiti da shi.

Kafin a fahimci abin da wannan gida ya kawo, sai an san yadda ake yin harafin ɗab'i tun zamanin Gutenberg, a ƙarni na 15. Gwani yakan ɗauki ɗan sandan ƙarfe, ya sassaƙa siffar harafi a bakinsa da magagari da ƴan ƙananan wuƙaƙe. Sai a gasa sandan ya yi tauri, a buga shi a kan jan ƙarfe ya bar gurbi. Wannan gurbi shi ne mazubi. A cikinsa ake zuba narkakkiyar darma da aka gauraya da kuza da wani ma'adini mai suna antimoni, harafi ya fito. Kowane harafi, babba da ƙarami, a kowane girma, sai an sassaƙa masa nasa sanda da hannu. Aiki ne na watanni, gwanayensa kuwa ƴan kaɗan ne a duk faɗin Amurka.

Ƙarancin waɗannan gwanaye ne ya sa Linn Boyd Benton ya ƙirƙiro injin sassaƙa, wanda ya sami takardar mallakarsa a 1885. Ma'aikaci yana bin gefen wani babban samfurin harafi da tsinken ƙarfe daga ƙasa, a sama kuma wani ɗan mitsitsin haƙori mai juyawa yana sassaƙa siffar a ƙanƙance. Daga samfuri ɗaya ana iya fitar da girma iri-iri, idan kuma sanda ya karye a sake yin wani daidai da shi. Morris yana ɗan shekara 12 a lokacin.

Karatunsa da Shigarsa Aiki

Morris bai yi makarantar zane ba. Ya karanta fannin injiniyan ƙere-ƙere a Jami'ar Cornell da ke jihar New York, ya kammala a 1896. A wannan shekarar ya kama aiki a matsayin mataimakin mahaifinsa, a shekara mai bi mata kuma ya auri Mary Ethel Bottum, wadda ta haifa masa ƴaƴa mata biyu.

Kamfanin da ya shiga sabo ne, kuma tsoro ne ya haife shi. A 1886 jaridar New York Tribune ta fara aiki da injin Linotype na Ottmar Mergenthaler, wanda ke zuba layin rubutu sukutum, ba sai an jera haruffa da hannu ba. Injin yana bukatar mazubai masu ɗimbin yawa, kuma injin sassaƙa na Linn Boyd Benton ne ya ba shi damar samun su. Ta haka ƙirƙirar mahaifin Morris ta ƙarfafa abin da ya zo ya ƙwace wa masu zuba haruffa babbar kasuwarsu, wato gundarin rubutun jaridu da littattafai. Ga shi kuma suna ta karya wa juna farashi. A 1892 masana'antu 23 suka haɗe suka kafa American Type Founders, wanda ake taƙaita sunansa da ATF, ciki har da masana'antar su Benton. Wannan ne ya dawo da iyalin gabashin ƙasar.

Tun da Linotype ta tafi da gundarin rubutu, abin da ya rage wa ATF shi ne wuraren da har yanzu ake jera haruffa da hannu: kanun labarai, takardun talla, bangon littafi, katunan gayyata da takardun kasuwanci. A nan ne kamfanin ya zuba ƙarfinsa a ƙarƙashin jagorancin Robert Nelson, kuma dalili ke nan da ya sa yawancin ayyukan Morris haruffan kanu ne.

Aikinsa na farko ba shi da armashi. Kowace masana'anta ta shigo da nata tarin haruffa, da yawa suna kama da juna, sunayensu daban, ma'auninsu daban. Aka ɗora masa tantance su, ya ware waɗanda za a ci gaba da zubawa, ya daidaita su bisa ma'auni ɗaya, ta yadda haruffan zubi biyu za su zauna a layi guda ba tare da wani ya yi sama wani ya yi ƙasa ba. Wannan aiki ya sa ya san haruffan ƙarni na 19 ciki da bai, tun kafin ya fara zana nasa.

Iyalin Haruffa da Matsalar Wuri

Abin da aka fi tunawa da shi a tsarin aikin Benton shi ne faɗaɗa zubi ɗaya ya zama iyali. Ya ɗauki Cheltenham, wanda mai zanen gine-gine Bertram Goodhue ya ƙirƙira, ya fitar masa da ƴan'uwa kusan 20: mai kauri, mai faɗi, matsattse, mai karkata, da sauransu. Mai ɗab'i yana iya tsara shafi guda da babban kai da ƙaramin kai da gundarin rubutu, duka da kamannin gida ɗaya. Haka ya yi da Century, wanda mahaifinsa ya fara yi wa mujallar Century tare da mai ɗab'i Theodore De Vinne, ya fitar da Century Expanded a 1900.

A wannan fage ne ya fuskanci matsalar da duk mai tsara jarida ya sani. Faɗin ginshiƙin shafi ba ya ƙaruwa, kalmomin kan labari kuwa ba su san da haka ba. Idan kai ya ƙi shiga, mai jera haruffa yana da zaɓi biyu: ya rage girman haruffa, kan ya rasa kwarjini, ko ya sauya kalmomin edita. Matsattsen harafi shi ne hanya ta uku, domin yana riƙe tsayinsa ya rage faɗinsa kawai. A 1903 Benton ya fitar da Alternate Gothic a faɗi uku, masu lamba 1 da 2 da 3, na ɗaya shi ne mafi matsewa. Tsayinsu ɗaya ne, saboda haka idan kai ya ƙi shiga da na uku sai a koma na biyu, shafi bai sauya kama ba. Kalmar Gothic a bakin masu ɗab'in Amurka tana nufin haruffa marasa ƴan ƙafafun nan da ake gani a ƙarshen layukan Times New Roman.

Ya bi wannan hanya da Franklin Gothic, mai kauri da nauyi, wanda ya fara a 1902 ya kuma yi masa matsattsun ƙanne, sannan News Gothic a 1908, mai matsakaicin kauri. A 1908 ɗin kuma ya fitar da Lightline Gothic, wanda layukansa sirara ne. Ke nan tun farkon aikinsa yana gwajin abubuwa biyu daban-daban: rage faɗin harafi da rage kaurin layinsa.

Matse harafi a wurinsa bai zama danne shi daga gefe biyu ba. Idan aka danne harafi haka, layukan tsaye sukan sirance, na kwance su zauna da kaurinsu, harafin ya fito a karkace kamar wanda aka taka. Matsattsen harafi na gaskiya sake zana shi ake yi. Harafin O, alal misali, yakan bar siffar ƙwai, gefunansa su miƙe, lanƙwasa ta koma sama da ƙasa kawai. A ofishin Benton ana fara zana kowane harafi da tsayin kusan santimita 25, a gyara shi, a mayar da shi samfuri, sannan injin ya ƙanƙanta shi. Kuma ba a ƙanƙanta shi ido rufe: ƙananan girma ana ɗan buɗa su a ƙara musu kauri domin ido ya kama su, manya kuwa a bar su da sirantarsu.

Idon Mai Karatu

Wanda ya ga yawan haruffan talla da Benton ya zana zai iya ɗauka ado kawai ya dame shi. Century Schoolbook ya nuna akasin haka. Kamfanin buga littattafan makaranta na Ginn ne ya nemi ATF ya yi masa zubin da zai dace da yara masu koyon karatu. Benton ya koma ga binciken da aka yi kan sauƙin gane haruffa a Jami'ar Clark, da rahoton wata ƙungiyar masana kimiyya ta Birtaniya kan littattafan makaranta da lafiyar idon yara. Abin da ya fitar a 1919 harafi ne mai faɗi, mai sarari a cikinsa, wanda ko siraran layukansa suna da jiki. Miliyoyin yaran Amurka da shi suka koyi karatu, kuma har yau Kotun Ƙolin ƙasar tana shar'anta a buga takardun da ake gabatar mata da haruffan iyalin Century.

Darasin da ke cikin wannan aiki shi ne, ido ba baƙin layi kaɗai yake karantawa ba, har da farin da ke cikin harafi da wanda ke tsakaninsa da maƙwabcinsa. Da wannan farin ne ake raba e da c, ko n da h. Mutumin da ya san haka ya san abin da harafi ke asara duk lokacin da aka matse shi.

A waɗannan shekaru ya kuma farfaɗo da haruffan magabata. Ya fitar da Bodoni bisa aikin ɗan Italiya Giambattista Bodoni, da Cloister bisa aikin Nicolas Jenson na birnin Venis, da Garamond a 1917. A 1926 Beatrice Warde, wadda ta taɓa aiki a ɗakin karatun ATF, ta gano cewa haruffan da aka kwaikwaya a wannan Garamond na Jean Jannon ne, ba na Claude Garamond ba, amma sunan ya riga ya bi shi. A 1923 kamfanin ya buga kundin samfuran haruffansa mai shafi 1,148, kwafi 60,000, kuma babban kaso na abin da ke ciki daga sashen Benton ya fito.

Halinsa da Zaman Gidansa

Benton mutum ne mai kawaici da gudun fitowa fili. Takwaransa Frederic Goudy yana yawon lacca yana rubuta littattafai, har sunansa ya zama sananne a wajen maɗaba'a. Benton kuwa bai bar littafi kan sana'arsa ba, bai kuma cika yarda da ƴan jarida ba. Bayan kamfanin ya koma Jersey City a 1903, iyalinsa da iyayensa sun zauna gida ɗaya a garin Plainfield na jihar New Jersey, uba da ɗa suna aiki wuri guda suna kwana gida guda. Hausawa na cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, to shi ya gaji nasa tun uban yana raye, ya kuma yi shekara 36 yana aiki a gefensa. Matarsa ta rasu a 1920. Ya sake aure a 1923.

Wannan kawaici ya bar tambaya a baya. Tun da ofishinsa yana da masu zane da yawa, wasu masana tarihin ɗab'i sun yi muhawara kan ko nawa ne daga cikin zubin nan 221 ya zana da hannunsa, nawa ne kuma ya tsara ya sa ido a kansu. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne, shi ke shugabantar sashen, kuma takardun mallakar zane masu yawa da sunansa suka fito.

Empire: Dogo, Siriri, Matsattse

Daga ƙarshen shekarun 1920 ɗanɗanon jama'a ya sauya. Salon Art Deco, wanda ya samo sunansa daga bajekolin birnin Paris na 1925, ya cika gine-gine da tufafi da tallace-tallace da miƙaƙƙun layuka masu tashi sama. Benton, yana da shekara fiye da hamsin, ya bi zamani: Broadway da Parisian a ƙarshen shekarun 1920, Bank Gothic a 1930, Agency Gothic a 1932, Tower a 1934, Phenix a 1935. Na ƙarshe-ƙarshen nan duk dogaye ne matsattsu.

Shekarun kuwa masu wuya ne. Kasuwar hannun jari ta rushe a 1929, talla ta ja baya, masu ɗab'i suka daina sayen sababbin haruffa. Mahaifinsa ya ajiye aiki a 1932 yana da shekara 88, ya rasu bayan mako biyu. A 1933 ATF ya faɗa fatara, aka sake masa tsari, aka mayar da shi garin Elizabeth. A cikin wannan hali ne Empire ya fito a 1937.

A Empire ne gwaje-gwajen nan biyu na farkon aikinsa suka haɗu. Harafin dogo ne ƙwarai, faɗinsa ɗan kaɗan ne idan aka gwada da tsayinsa, layukansa kuma sirara. Ba shi da ƴan ƙafafu. Kalma idan aka jera ta da shi takan tsaya kamar jerin karan dawa bayan an yanke kai. Wanda ya san birnin New York na lokacin zai tuna da benen Empire State mai hawa 102, wanda aka kammala a 1931. Mujallar kwalliya ta Vogue ta riƙa buga kanunta da shi, abin da ya ƙara danganta irin wannan harafi da ado da tsada da natsuwa. Kakkauran harafi irin Franklin Gothic yana jan ido da nauyinsa. Empire da tsayinsa da farin da ke kewaye da shi yake jan ido.

Abin lura shi ne Benton bai yi wa Empire ƙananan baƙaƙe ba, manya kawai ya zana. Wannan kansa bayani ne kan aikin da aka yi shi dominsa. Zubin da ba shi da ƙananan baƙaƙe ba a rubuta sakin layi da shi. Sai a 1989 David Berlow ya farfaɗo da shi domin kwamfuta, ya ƙara masa ƙananan baƙaƙe da masu karkata.

Inda Ya Dace da Inda Bai Dace Ba

Dalilan da suka taƙaita aikin irin wannan zubi a fili suke. Idan aka matse haruffa, layukan tsaye sukan mamaye kalma, farin ciki ya ƙuntata, H da N da M da U su riƙa kama da juna. Manyan baƙaƙe kuma tsayinsu ɗaya ne, babu masu ɗagowa sama kamar l da k, babu masu saukowa ƙasa kamar g da y, waɗanda ke taimaka wa ido ya bambanta kalmomi. Siririn layi kuwa idan aka ƙanƙanta shi yakan tsinke a kan takarda mai kaushi, ya dushe a injin kwafi, ya ɓace a fuskar waya.

Saboda haka wurinsa shi ne inda kalmomi kaɗan ne, girma kuma babba: sunan mujalla, kan babi, bangon littafi, takardar sanarwar taro, ko wuri mai tsawo marar faɗi kamar ƙashin bayan littafi. Yana son a bar masa fili a kewaye, a ɗan buɗa tsakanin haruffansa, a kuma sa shi baƙi a kan fari ko fari a kan launi mai duhu sosai. Kan hoto mai tarkace yakan haɗiye shi. Yana kyau idan gundarin rubutun da ke ƙasansa an buga shi da harafi mai faɗi da jiki, irin Century Schoolbook. Bai dace da allon hanya ba, inda direba ke da daƙiƙa ɗaya ko biyu, bai dace da takardar magani ko littafin yara ko bayanin ƙasan shafi ba.

Rasuwarsa da Abin da Ya Bari

Benton ya ajiye aiki a 1937, bayan shekara 41 a kamfani ɗaya. Ya rasu ranar 30 ga Yuni 1948 a garin Morristown na jihar New Jersey, yana da shekara 75. Ɗab'in darma ya bi bayansa a hankali, amma haruffansa sun tsallake zuwa kwamfuta. Franklin Gothic da Century Schoolbook suna cikin manhajojin Microsoft. Tsohon tambarin YouTube da Alternate Gothic aka rubuta shi, kuma zubin kyauta irin su League Gothic da Oswald daga gare shi suka samo asali. A 2011 Patricia Cost ta wallafa littafi kan rayuwar uban da ɗan, wanda ya taimaka wajen fito da sunan Morris bayan dogon shiru.

Abin da Ya Shafi Mai Rubuta Hausa

Benton ya zana haruffansa ne domin masu ɗab'in Ingilishi, saboda haka Empire na 1937 ba shi da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. A cikin waɗannan shekaru na 1930 ne kuma haruffa masu ƙugiya suka fara zama a rubutun bokon Hausa, ƙa'idar rubutu ta Nijar ta 1999 kuma ta tabbatar da su huɗun, har da ƴ. Ga mai rubuta Hausa, siririn matsattsen zubi yana da haɗarin da mai rubuta Ingilishi bai sani ba. Ƙugiya aba ce mai neman wuri a gefe: a Ɓ da Ɗ tana fita ta hagu, a Ƙ da Ƴ tana lanƙwasawa a sama ta dama. Gefe kuwa shi ne abin da matsewa ke cinyewa. Idan ƙugiyar ta ƙanƙance ko ta manne da harafin kusa, ƘASA ta koma KASA, BAƘI ya koma BAKI, ƊAKA ta koma DAKA. Abin da ya raba waɗannan kalmomi a furuci sauti ne cikakke, a rubuce kuwa ɗan layi ne da bai kai ƙwayar gero ba.

Akwai kuma matsala ta biyu. Da yawa daga cikin zubin kanu da ake saukewa daga intanet ba su da haruffa masu ƙugiya ko kaɗan. Idan aka buga su, kwamfuta takan aro harafin daga wani zubi, sai a ga ƙaton Ƙ mai faɗi ya tsaya a tsakiyar sirara. Mai tsara shafi, don gudun wannan muni, sai ya cire ƙugiyar gaba ɗaya, ya gyara ado ya ɓata ma'ana. Masu nazarin harshe da ke sa alamomin karin sauti da na tsawon wasali a kan haruffa su ma sai sun lura, domin dogayen manyan baƙaƙe ba su cika barin wuri a samansu ba.

Kafin a zaɓi irin wannan zubi domin bangon kundin bincike ko sanarwar taron sashe, yana da kyau a buga haruffan nan huɗu, manya da ƙanana, a ga ko zubin yana da nasa. Sannan a buga kan a takarda da girman da za a yi amfani da shi, a manna a bango, a ja da baya taku biyar ko shida. Idan daga nan ana raba Ƙ da K ba tare da an ƙura ido ba, zubin ya ci jarrabawa. Idan ba haka ba, a ƙara girma, ko a buɗa tsakanin haruffa, ko a nemi wani.

Kammalawa

Hannun da ya yi wa yaran makaranta Century Schoolbook shi ne ya yi wa mujallar kwalliya Empire, kuma babu saɓani a tsakanin ayyukan biyu. A kowannensu Benton ya fara da tambayar wanda zai karanta, da nisan da zai karanta daga gare shi, da yawan kalmomin, da irin takardar. Amsar waɗannan tambayoyi ce ta yanke faɗi da kauri. Siririn matsattsen harafi yana da kyau a inda aka yi shi domin ya tsaya, wato babba, a kalmomi kaɗan, cikin fili. Mai rubuta Hausa yana da tambaya ɗaya da zai ƙara a kan na Benton: shin ƙugiya ta sami wurin zama?